Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Fataken Gwanja Ke Shirya Shiga Birni

Duk wanda zai tashi daga Kaoje ko Bagudo ya nufi babban birni irin su Legas, Kano ko Kwatano, akwai tambayoyin da ke gabansa ko bai furta su ba. Ina zan sauka? Me zan ci, kuma a hannun wa? Wane ruwa zan sha? Me zan gani wanda zan ba da labarinsa in Allah ya maido ni gida lafiya? A yau yawancinmu waya muke yi wa waɗannan tambayoyi. Mu buɗe taswira, mu duba hotunan gidajen abinci, mu ƙirga taurarin da wasu mutanen da ba mu sani ba suka bayar, sannan mu ce mun shirya.

Tambayoyin nan sun girmi waya, sun girmi mota, sun kuma girmi iyakar da ta raba mu da Jamhuriyar Benin. Shekaru 150 da suka wuce, ayarin fatake na ratsa wannan yanki namu duk rani, suna neman wani birni da ke can ƙasar Ghana ta yau, kuma sun samar wa kansu amsar kowace tambaya daga ciki. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, idan muka dubi abin da suka gina, sai mu ga tsari ne cikakke, mai ƙa'idoji da hanyar gyara kuskure. Abin da ya riƙe shi kuwa mutum guda ne a kowane gari, wanda ya san garin, wanda kuma zai ɗauki asara idan shawararsa ta cuci baƙo.

Hanyar da ta bi ta gefen gidanmu

Birnin da ake magana shi ne Salaga, a ƙasar da Hausawa ke kira Gwanja. Goron da ake nema, wato irin wanda har yau muke ce wa ɗan Gwanja, ba a Salaga yake fita ba. A dazuzzukan Asante yake fita, can kudu. Amma a yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su shiga har gindin itacen, don haka mutanensu ne ke ɗauko goron a ka su kawo Salaga, a haɗu a can. Wannan ƙa'ida ce ta mayar da garin kasuwar da ake jin labarinta tun daga Borno.

Daga Kano zuwa Salaga ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe ne, balle ga mai bin sawun jaki. Hanyoyin suna da yawa, amma dukkansu dole su ƙetare kogin Kwara. Wasu na ƙetarewa ta Yawuri, wasu ta Busa, wasu kuma su biyo ta Jega, wadda a lokacin tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, su sauko su ƙetare a wajajen Illo. Illo da Kaoje yanzu duk suna cikin ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, tsakanin kogin da iyakar Benin. Daga nan sai ƙasar Borgu: Kandi, Nikki, Jugu. Wasu su ratsa ƙasar Kotokoli da ke Togo ta yau, wasu su kewaya ta Sansanin Mango da Yendi, har a isa. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara.

Girman ayarin ba wasa ba ne. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kaiama, cikin Borgu, suna dawowa daga Gwanja. Ya kiyasta mutanen, maza da mata, sun haura 1,000, da dabbobin ɗaukar kaya kusan adadin haka. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya fitar da littafi a kan wannan fatauci a 1980, ya nuna cewa zuriyoyi uku ne suka fi riƙe shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Suna tafiya da kanwa, da baƙin yadi irin na marinar Kano, da jar fata, da busasshen ganyen albasa wato gabu, da dabbobi. Suna kuma tafiya da bayi. Salaga kasuwar bayi ce babba, kuma duk wanda ya ba da labarin dukiyarta ya tsallake wannan, bai faɗi gaskiya ba.

Shiri tun daga gida

Mutum dubu da jaki dubu ba sa shiga gari su ce za su nemi abinci idan sun isa. Shirin ci da sha tun daga gida ake fara shi, shi ya sa ake tashi bayan kaka, lokacin da hatsi ke da araha, rafuka sun janye, ciyawa kuma ba ta ƙare ba.

Ayari na da shugabanni, kowa da aikinsa. Madugu ne uban tafiya, shi ke magana da sarakuna, shi ke daidaita kuɗin fito da na gaisuwa. Jagaba na gaba, shi ya san inda hanya ta rabu da inda ake samun ruwa. Uban dawaki na kula da baya da tara abin da kowa zai biya. Akwai kuma malamin ayari, mai limanci, mai rubuta wasiƙa da lissafi. Kalmar zango da muke amfani da ita yanzu a kan unguwar baƙi, asalinta wurin da ayari ke yada kaya ne bayan tafiyar yini. Ana auna nisan gari da yawan zangon da ke tsakani, kuma ba a zaɓar zango sai inda akwai ruwa, akwai kiwo, akwai ƙauyen da zai sayar da abin tuwo.

Guzuri kuwa an zaɓe shi ne da hankali. Abin da ba ya lalacewa da wuri, ba shi da nauyi, kuma yana riƙe ciki: garin gero da za a dama da ruwa a tsaye, ƙuliƙuli, dakuwa, kilishi, garin kuka, daddawa da yaji. Da ƙullin kuka da daddawa, duk inda aka sami gari an sami tuwo da miya irin ta gida. Matan da ke cikin ayari su ke da wannan fanni. Suna girka wa nasu, suna kuma sayar wa marasa iyali, har wasunsu kan haɗa jarin kansu su sayo goro.

A Borgu abinci kan fara sauyawa. Gero na raguwa, doya na ƙaruwa, ga sakwara, ga cukun Fulani da ake kira wagashi, wanda har yau ake sayarwa a kasuwannin arewacin Benin da na bakin iyakarmu. Harshe ma ya sauya. A unguwannin 'yan kasuwa na Kandi, Jugu da Paraku, Dandanci ne harshen ciniki. Hanyar Borgu ta yi suna da 'yan fashi, don haka madugun da bai san wa zai gaisar ba, da nawa, ya jefa mutanensa cikin hatsari. Tun a nan bafatake ke fara koyon cewa sanin hanya bai wadatar ba, sai da sanin mutum.

Mai masauki

Idan ayari ya isa babban gari, ba ya watsewa kowa ya nemi ɗaki. Kowane bafatake na da gidan da yake sauka, sau da yawa gidan da mahaifinsa ya sauka. Mai wannan gida ana ce masa mai gida ko mai masauki, a wasu wuraren kuma fatoma. Shi ne amsar duk tambayoyin da muka lissafa a farko.

Zai ba baƙo ɗaki, ya ba shi wurin ajiye kaya da turken dabbobi. Daga cikin gidansa ake fito da tuwo. Shi zai gaya masa farashin kasuwa na wannan mako, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya nuna masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Idan rigima ta tashi, shi ke tsaya masa a gaban sarki ko alƙali. Idan baƙo ya kwanta ciwo a gidansa zai yi jinya, idan ta Allah ta kasance shi zai yi masa sutura, ya tsare dukiyarsa har magada su aiko.

Ba don Allah kaɗai yake yi ba. Yawanci ba a biyan kuɗin ɗaki a fili, amma yana samun rabonsa daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa, ga kuma kyautar sallama. A nan ne hikimar tsarin take. Abincin mai masauki ya dogara ne ga dawowar baƙo baɗi. Idan ya haɗa shi da macuci, labari zai bi ayari zango zango har Kano, shekara mai zuwa ɗakunansa su zauna babu kowa. Shawararsa tana da farashi a kansa shi kansa.

Wannan ba tatsuniyar da ba ce kawai. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gidaje Hausawa ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu. Mai shanu ya zo daga arewa, bai san mahautan Ibadan ba, amma zai ba da dabbobinsa bashi saboda mai gidansa ya lamunce. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne ke cikin matsala. Dukiya mai yawa na juyawa a haka, ba banki, ba takardar kotu.

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Mai masauki kan fifita dillalinsa ko da akwai wanda ya fi shi farashi. Baƙon da ba shi da kaya masu yawa ba ya samun tarbar da attajiri ke samu. A Salaga ta ƙarni na 19, yawancin aikin da ke sa baƙo jin daɗi, ɗebo ruwa, faskare, daka da share turke, bayi ne ke yin sa. Tsarin ya yi aiki, amma akwai waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba da son ransu ba.

Ci da sha a Salaga

Babbar matsalar Salaga ruwa ce. Garin ba ya bakin babban kogi, kuma lokacin da ayari ke cika shi, wato rani, shi ne lokacin da ruwa ya fi wuya. Mutanen garin sun haƙa rijiyoyi da yawan gaske, har ake masa kirari da garin rijiya dubu, kuma wasu daga cikinsu na nan har yau ana nuna wa masu ziyara. Duk da haka ruwa abin saye ne, itacen girki ma haka. Bafaranshe Louis-Gustave Binger, wanda ya sauka a garin a 1888, ya koka ƙwarai da ƙazantarsa. Ga baƙo, sanin rijiyar da za a sha da wadda za a bar wa dabbobi maganar rai ce. Yankin ya daɗe yana fama da kurkunu, cutar da ake ɗauka daga ruwan sha, wadda kan kwantar da mutum makonni. Bafatake da kurkunu ya kama a ƙafa ya rasa ayarin komawa. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da wannan cuta, Ghana kuma a 2015.

Sauran abin sha kuwa, musulmin bafatake yana da iyakarsa. Garuruwan da yake ratsawa suna da giyar dawa, wadda ake kira pito a Ghana, cukutu a arewacin Benin. Zaman zango ya raba shi da wannan. A can zai sami koko da safe, fura da rana, kunu da yamma, daga hannun matan da suka san yadda yake so. Naman da zai ci mahauci musulmi ne ya yanka. Wurin da wasu al'ummu ke zama a kan ƙwaryar giya su ƙulla zumunci ko ciniki, shi goro yake fasawa. Abin da ya je saye shi ne kuma abin da yake karɓar baƙo da shi.

Goron ma kansa sai an yi masa hidima kamar mai rai. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari ɗari, a naɗe shi cikin ganye a yi huhu, a riƙa yayyafa masa ruwa, a kwance lokaci lokaci a tsince wanda ya fara ɓaci kafin ya shafi sauran. Don haka ruwan da za a samu a hanyar dawowa an raba shi uku ne: na mutane, na dabbobi, na kaya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda abincin baƙi ya zama abincin gari. Duk wanda ya je Akra ko Kumasi yau zai ji ana tallar Hausa koko da safe, tare da kose, wato ƙosai. Wace, wadda suke rubutawa waakye, shinkafa da wake ce, sunanta ma daga kalmar wake ya fito. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Haka tsire ya zama suya a Legas, inda da wuya a sami unguwar da ba mai tukuba. Matafiyan da suka ƙulla kuka da daddawa don kada su rasa abincin gida, su ne suka bar wa biranen Afirka ta Yamma wani ɓangare na abin da baƙi daga Turai ke nema su ɗanɗana a yau.

Kallo

Fatake ba su da kalmar yawon buɗe ido, amma suna da kallo, suna da ziyara, kuma sun san gani ya kori ji. Ciniki a Salaga kan ɗauki makonni, ana jiran goro ya iso ko farashi ya sauka, don haka akwai lokaci.

Wurin kallo na farko kasuwa ce. A nan ɗan Kabi zai ga Mosawa da tumakinsu da farin saƙinsu, ya ga Wangarawa, ya ga mutanen Asante da irin ɗaurin zanensu, ya ga kayan Turawa da suka hauro daga bakin teku. Kusa da Salaga akwai Kpembe, mazaunin sarkin da ke iko da garin, inda manyan ayari ke kai gaisuwa. Akwai kuma zaurukan malamai. Salaga gari ne na karatu, kuma cikin waɗanda suka zauna a can akwai Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Umaru Salaga. An haife shi a Kano wajen 1858, danginsa mutanen Kabi ne, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce cikin Larabci da ajami, ciki har da bayanai masu yawa a kan garuruwa da sana'o'in ƙasar Hausa.

Ga wanda ya fuskanci gabas kuwa, Kano ce babban birnin. Bajamushe Heinrich Barth, da ya shiga garin a 1851, ya kiyasta mazaunansa sun kai 30,000, kuma ya ce adadin kan ninka a watannin da fatake ke cika shi. Baƙo zai so ya ga ganuwa da ƙofofinta, ya hau Dala, ya shiga Kurmi, kasuwar da tarihi ke danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya leƙa marina ya ga inda baƙin yadin da yake saye ke fitowa. Wanda ya biyo ta Gwandu da Sakkwato ba zai wuce bai ziyarci hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo da na Shehu Usmanu ba. Duk wannan ma da ɗan rakiya ake yi, yaron gidan mai masauki, wanda ya san inda ake cire takalmi da inda ba a nuna yatsa.

Kallon ba ya cika sai an dawo an ba da labari. Tsarabar matafiyi kashi biyu ce, ta hannu da ta baki. Daga wannan al'ada ce labarin tafiya ya shigo rubutun Hausa. Dorugu, yaron da ya bi Barth har Landan a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa ga J. F. Schön, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885, kuma cikin abubuwan da ya lura da su har da yadda Turawa ke zama cin abinci. A 1943 Abubakar Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Birni ya sauya daga Salaga zuwa Landan, amma idon matafiyin na kan abubuwan da ya saba dubawa.

Yadda hanyar ta mutu, zango ya rayu

A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Ikon Asante a kan arewa ya karye, goro ya fara bin wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, Salaga ta watse, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji da sauran garuruwa. A 1894 Frederick Lugard da Faransawa suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya, kuma a ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris a kan takardar da ta raba Borgu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Wannan layi ne asalin iyakar da ke yamma da Kaoje. Hanyar da kakanni ke bi da izinin sarakuna ta koma hanyar da ke ratsa ƙasashen Turawa uku, har da Togo ta Jamus, kowa da kwastansa.

Sai jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka ƙarasa aikin. Dogo ya iso Kano a 1911. Goro ya koma bin teku daga gaɓar Ghana zuwa Legas, daga nan ya hau jirgi zuwa arewa cikin kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda asalinsa Ba'agale ne daga Bebeji, yana cikin waɗanda suka yi amfani da wannan sabuwar hanya kafin ya shahara da gyaɗa. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi noman irin goron Gwanja, buƙatar zuwa Ghana ta ragu. Yankinmu, da yake kan hanya, ya koma gefe.

Amma zango bai mutu ba. Ya tashi daga bakin rafi ya shiga birni. An kafa Sabo a Ibadan a 1916. Akwai Zango a Kumasi, Sabon Zango a Akra, unguwar Zongo a Kwatano da Lome, ga Agege da Idi Araba a Legas. A kowanne akwai Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa, akwai masallaci, akwai mai shayi, akwai wanda zai tambayi sabon zuwa daga wane gari yake, ya tura shi wurin mutanensu. Tsarin ya sha duka. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta kori baƙin da ba su da takardu, dubban mazauna zango suka tattara. A 1983 Nijeriya ta yi irin haka ga 'yan Ghana da wasu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, mutanen bakin iyaka irinmu suka ji a jikinsu. Duk da haka, wanda ya sauka a tashar mota a Kwatano yau ya ce a kai shi Zongo, zai kwana a ɗaki, zai ci tuwo.

Waya da ɗan gari

To, me waya ta ƙara, me ta rage? Ta ƙara abubuwa da yawa. Taswira na nuna hanya ba tare da la'ada ba. Mace mai tafiya ita kaɗai, ko ɗalibin da ba shi da kowa a birni, suna iya ganin farashin ɗaki kafin su tashi, abin da tsohon tsari bai tanadar musu sosai ba. Kuɗi na tafiya ba sai an ɗinka su cikin ɗamara ba.

Sai dai mu da ke gina irin waɗannan manhajoji mun san yadda cikinsu yake. Manhaja ba ta san abin da ba a shigar mata ba. Mai kosan da ta shekara ashirin a bakin tasha ba ta kan taswira, mai furar da duk 'yan Kabi ke zuwa wurinsa ma haka. Abin da ke fitowa a saman jeri sau da yawa wanda ya biya kuɗin talla ne. Taurarin da ake bayarwa, masu bayar da su ba lallai su damu da wanda ya yanka naman ba, ko akwai wurin alwala, ko farashin ya yi daidai da aljihun wanda ya sayar da buhun masara biyu ya taho. Ana ma iya sayen taurarin. Mafi girma duka, idan shawarar ta ɓaci, wanda ya bayar da ita ba ya rasa komai. Bai san baƙon ba, ba ya jiran dawowarsa baɗi. Abin da ya sa mai masaukin Salaga ke faɗin gaskiya, shi ne ainihin abin da ba a sa cikin manhaja ba.

Wannan giɓi yana da farashi. Matasanmu na fita Legas, Abuja da Kwatano neman aiki ko sarin kaya, wasu da lambar wani da suka haɗu da shi a Facebook kawai. Wasu an karɓi kuɗin ɗakin da babu shi, wasu an yi musu alkawarin aikin da ya zama tarko. Da a ce ayari ne, madugu ba zai bar yaro ya bi wanda ba a san gidansa ba.

Abin lura shi ne mutane sun fara ɗinke giɓin da kansu. Zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya mazauna birni, ƙungiyoyin 'yan kasuwar albasa, shanu da kifi, da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jiha, duk aikin zango suke yi. Mutum ya rubuta cewa ƙaninsa na tafe ranar Laraba, wani ya ce ya sauka wurinsa, wani ya ce kada ya ci abinci a wuri kaza. Mai ba da shawarar sananne ne, an san gidan ubansa, kuma zai zo gida da Sallah a haɗu.

Don haka wanda ke shirin shiga birni, ya duba wayarsa, ya ga nisan tasha da masauki, ya ajiye taswirar tun yana inda akwai sabis. Amma kafin ya hau mota ya nemi sunan mutum guda a can wanda wani nasa ya sani ido da ido, ya kira shi, ya tambaye shi inda shi kansa yake cin abinci da ruwan da yake saya wa 'ya'yansa. Ya bar rana guda don kallo, ko Dantokpa ce a Kwatano, ko Kurmi a Kano, ko bakin teku a Legas, ya kuma roƙi a haɗa shi da ɗan rakiya. Ya sa ƙuliƙuli da ɗan kilishi a jaka saboda daren farko. Mu kuma masu rubuta manhaja daga wannan yanki, aikin da ke gabanmu shi ne mu zauna da sarakunan zango da shugabannin tasha mu ji yadda suke tantance baƙo da mai masauki, tun waɗanda suka san abin suna raye.